Ƙagaggun labaran da suka faru a Wales: wanne ya fi shiga ranku?

Bakatsiniya:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Na gama karanta How Green Was My Valley na Richard Llewellyn, wanda ya fito a 1939, kuma wallahi har yanzu zuciyata ba ta dawo daidai ba. Ga wanda bai san shi ba, labarin Huw Morgan ne, wanda ya manyanta yana shirin barin gidan da aka haife shi a wani kwari na kudancin Wales, ɗaya daga cikin ƙasashen da suka haɗu suka zama Birtaniya, sai ya shiga tuno yarintarsa. Babansa da yayyensa maza duk mahaƙan kwal ne. Ranar biyan albashi uwarsu takan zauna a ƙofar gida ta baza farin ƙyallenta, kowa ya dawo daga aiki ya zuba mata kuɗinsa. Sannu a hankali komai ya watse. Albashi ya ragu, aka shiga yajin aiki, 'ya'ya suka saɓa wa uba kan maganar ƙungiyar ƙwadago har suka bar masa gida, tulin baƙar ƙasar da ake fitarwa daga rami kuma yana ta girma har ya fara danno gidajen mutane. Wa ya karanta? Kuma don Allah a ba ni sunayen wasu littattafan da suka faru a Wales, ƙasar ta shiga raina.

Mai Shagon Littafi:
Wa alaikumus salam. Ni dai Wales ɗin da na sani ita ce ta Ryan Giggs da Gareth Bale. Ashe har littafi suke rubutawa.

Malamin Adabi:
Alhaji, suna rubutawa, kuma da harsuna biyu. 'Yata Bakatsiniya, sannu da ƙoƙari, littafin ba ƙarami ba ne. Amma zan ɗan ɓata miki rai. Llewellyn ya yi rayuwarsa yana gaya wa duniya cewa a St Davids aka haife shi, can yammacin Wales, kuma ya san aikin rami. Sai bayan rasuwarsa a 1983 aka gano cewa a Hendon aka haife shi, wata unguwa a Landan, a 1906. Iyayensa 'yan Wales ne, wannan gaskiya ne, amma shi bai tashi a kwarin kwal ba. Abin da ya sani na mahaƙa ya tsinto shi ne daga hira da mutanen wani ƙauye mai suna Gilfach Goch. Fim ɗin da John Ford ya yi a 1941 ma, wanda ya ci kyautar Oscar, a California aka gina ƙauyen. Wato littafin da duniya ta fi sanin Wales da shi, ɗan Landan ne ya rubuta, 'yan Amurka suka mayar da shi fim.

Bakatsiniya:
Baba Malam, to sai me? Ni ba takardar haihuwarsa na karanta ba. Kukan da na yi lokacin da Huw ya shiga rami ya tarar da babansa dutse ya danne shi, ba na ƙarya ba ne.

Malamin Adabi:
Ban ce kukanki na ƙarya ba ne. Cewa na yi mutumin da bai zauna wuri ba yakan fi ganin kyansa. Ki duba yadda ya zana gidan su Huw kafin abubuwa su lalace: abinci a wadace, nama a tukunya, waƙa a bakin kowa, kowa na ganin girman uba. Ina tarin fuka? Ina yaran da ke mutuwa tun suna goye? Ina matar da ta tsufa tana da shekara arba'in saboda ɗaukar ruwan wankan maza biyar kullum? Ya gina wata aljanna ce don ya ji daɗin rushe ta a gabanmu.

Ɗan Gwagwarmaya:
Baba Malam ya taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Ni abin da ya fi ba ni haushi a littafin siyasarsa ce. Uban da ke adawa da ƙungiyar ƙwadago shi ne mai hankali da tsoron Allah, 'ya'yan da ke son haɗa kan ma'aikata su ne masu zafin kai. Sannan idan aka zo maganar ɓarna a kwarin, sai a nuna baƙin da suka zo ci-rani, 'yan Ireland da 'yan Ingila, a ce su ne suka kawo ƙazanta. Masu ramin da suka rage albashi fa? Wanda yake son ya ji labarin daga bakin mahaƙi ya nemi Cwmardy na Lewis Jones, 1937. Shi ya shiga rami tun yana yaro, ɗan kwaminis ne, ya yi zaman gidan yari saboda yajin aikin 1926. Rubutunsa bai kai na Llewellyn daɗi ba, na yarda, wani wurin kamar kana karanta jawabin taron siyasa. Amma ba ya yi maka ƙarya. A Senghenydd, a watan Oktoba 1913, mahaƙa 439 suka mutu a fashewa guda. A shekarar nan ce tashar jiragen ruwa ta Cardiff ta fitar da kwal fiye da tan miliyan 10. Ku haɗa lissafin biyu ku gani.

Likitan Karkara:
Kai ɗan'uwa, idan ana neman lissafi ai sai a karanta rahoton gwamnati. Ni ina bayan Bakatsiniya. Aikin marubuci shi ne ya sa ka damu da mutanen da ba ka taɓa gani ba, kuma Llewellyn ya yi. Tulin ƙasar nan da ya sa ya zama dodon littafin, ba gaskiya ya faɗa ba?

Ɗan Zazzau a Cardiff:
Likita, a nan kam ya faɗi gaskiya, gaskiya mai ban tsoro ma. Ina karatu a nan, kuma na je Aberfan, ba shi da nisa da Merthyr Tydfil. Ranar 21 ga Oktoba 1966 da safe, bayan an sha ruwan sama, irin wannan tulin ya zame daga kan dutse ya rufe makarantar firamare ta Pantglas da gidajen da ke kusa. Mutum 144 suka mutu, 116 daga cikinsu yara ne. An tara tulin ne a kan idon ruwa, kuma mutanen gari sun daɗe suna kai ƙorafi. Kwamitin bincike ya ɗora laifin a kan hukumar kwal ta ƙasa, amma ba wanda aka gurfanar. Abin takaicin, har fam 150,000 aka cira daga kuɗin taimakon da jama'a suka tara don a kwashe sauran tulin, sai a 1997 gwamnati ta mayar da su. Duk wanda ya tsaya a gaban layin fararen kaburburan yaran nan ba zai ƙara karanta ƙarshen littafin Llewellyn yadda ya karanta da farko ba.

Amma kuma Baba Malam bai yi kuskure ba. Mutanen kwarin da na yi hira da su, yawanci da murmushi suke ambatar littafin, suna cewa na masu yawon buɗe ido ne. Yanzu kwarin ya koma kore, ba don komai ba sai don ramukan sun rufe. Bayan babban yajin aikin 1984 zuwa 1985 aka yi ta rufe su ɗaya bayan ɗaya, na Tower, wanda ma'aikata suka saya da kuɗinsu, ya kai har 2008. Ciyawa ta dawo, aikin yi ya tafi.

Bakatsiniya:
Innalillahi. Yara 116. Ban san wannan ba.

Likitan Karkara:
Tunda an nemi sunaye, ga nawa: The Citadel na A. J. Cronin, 1937. Shi ma ba ɗan Wales ba ne, ɗan Scotland ne, sai Baba Malam ya kore shi. Amma ya yi aikin likita a Tredegar a farkon shekarun 1920. Jarumin, Andrew Manson, sabon likita ne da ya sauka a garin mahaƙa ya tarar taifot na kashe mutane saboda magudanar ƙazanta ta fashe tana tsiyaya cikin rijiyoyi. Hukuma ta ƙi gyarawa, sai shi da wani abokin aikinsa, Denny, suka je da daddare suka tarwatsa magudanar da nakiya don dole a gina sabuwa. Duk likitan da ya yi aiki a ƙauye ya san wannan tunanin ya taɓa ɗarsuwa a ransa, tsoron hukuma ne kawai ya hana.

Rabin littafin na biyu a Landan yake, inda Manson ya koyi yi wa matan attajirai allurar banza yana karɓar kuɗi. Wannan ɓangaren ya fi cizo, don ya nuna yadda mutumin kirki ke lalacewa ba tare da ya lura ba. Abin da ya haɗa littafin da tarihi kuwa shi ne ƙungiyar taimakon lafiya ta Tredegar, inda ake cire 'yan kwabbai daga albashin kowane ma'aikaci, shi da iyalinsa su ga likita ba tare da biya ba. Aneurin Bevan ɗan garin ne, tsohon mahaƙi, ya san tsarin ciki da waje, kuma shi ne ministan lafiyan da ya kafa tsarin lafiya kyauta na Birtaniya a 1948.

Malamin Adabi:
Likita, ban kori kowa ba. Cronin bai ce shi ɗan Tredegar ba ne, baƙo ya zo, da idon baƙo ya rubuta, kuma ya faɗa. Sai dai ka lura, mutanen Wales a littafinsa marasa lafiya ne, ko 'yan kwamiti masu taurin kai, ko jahilan da ke tsoron gwajin kimiyya. Labarin na likita ne, su kuwa kayan aikinsa ne.

Abin da nake so ku gane shi ne, duk littattafan da muka ambata da Turanci aka rubuta su. Akwai wata Wales ɗin da ke magana da harshenta, kuma ba za ku ji ta ba sai kun nemi Kate Roberts. An haife ta a 1891 a Rhosgadfan, a arewa, 'yar mai fasa dutse ce. A can ba kwal ake haƙa ba, wani dutse ne mai faɗi da ake tsagawa falle-falle a yi rufin ɗaki da allon makaranta. Littafinta Traed mewn Cyffion ya fito a 1936 da Welshanci, fassararsa ta Turanci Feet in Chains. Labarin wata mata ce, Jane Gruffydd, tun tana amarya a wajajen 1880 har Yaƙin Duniya na Farko. Ba wani abin mamaki da ke faruwa. Bashin mai kanti, kuɗin hayar gona, takalman yara, suruka mai ƙananan maganganu, 'yar da ta je birni ta dawo tana jin kunyar gidansu, ɗan da ya gaji ya tafi kudu haƙar kwal, biyu da suka ci jarrabawa suka yi karatu da guminta. Sannan yaƙi ya zo. Wata rana wasiƙar gwamnati ta iso da Turanci. Ba ta jin Turanci, sai ta ɗauka ta kai wa mai kanti ya karanta mata, shi ne ya gaya mata ɗanta Twm ya mutu. Gwamnatin da ta iya ɗaukar ɗanta ba ta iya gaya mata mutuwarsa da harshen da take ji ba. Kate Roberts ta rasa ƙanenta a wannan yaƙi. Ba ta ƙawata komai, jimlolinta gajeru ne, ba ta roƙon hawayenka. Shafi guda nata ya fi min babi goma na Llewellyn.

'Yar Damagaram:
Baba Malam, ka sa tsigar jikina ta tashi. Kakata haka take kai takarda gidan maƙwabta a karanta mata, da Faransanci. Ni littafin Llewellyn da Faransanci na karanta shi, kuma wurin da ban manta ba shi ne inda Huw ya ga wata ƙaramar yarinya na kuka an rataya mata katako a wuya saboda ta yi Welshanci a makaranta, kuma malamin da ya rataya mata, Jonas, shi kansa ɗan Wales ne. A lakwal ɗinmu, wato makarantarmu, irin wannan aka yi mana. Wanda mushe, wato malami, ya ji ya yi Hausa sai a rataya masa wani abu, shi kuma ya dinga kasa kunne ya kama wani ya miƙa masa, wanda abin ya kwana a wuyansa shi zai sha bulala. Don haka ni ba zan ce mutumin bai san komai ba. Ya san wannan.

Uwar Biyu:
Mu ma a sakandare tarar kuɗi ake cin mu idan monita ya rubuta sunanka. Amma ku bar ni in kawo nawa kafin ku nutse cikin maganar harshe. On the Black Hill na Bruce Chatwin, 1982. 'Yan biyu ne, Lewis da Benjamin Jones, a wata gona da ke kan iyakar Wales da Ingila, ana cewa ma iyakar ta ratsa ta tsakiyar matakalar gidan. Shekara tamanin suka yi tare, ba wanda ya yi aure, bayan rasuwar uwarsu a gadon iyayensu suke kwana. Idan Benjamin ya ji ciwo, Lewis ne ke jin zafin. Lewis yana son mata, yana son jiragen sama, yana son ganin duniya, amma Benjamin ya riƙe shi, ba da faɗa ba, da rauninsa kawai. Ni da nake da Hassan da Hussaini a gida, littafin nan tsoro ya ba ni. Na gama shi na je na raba musu aji. Mutane na cewa labarin ƙauna ne tsakanin 'yan'uwa, ni kuwa na ga yadda mutum ke cinye rayuwar ɗan'uwansa yana ganin so ne.

Malamin Adabi:
Hajiya, kin karanta shi da kyau. Chatwin a Sheffield aka haife shi, kuma matafiyi ne da ba ya iya zama wuri guda, kafin wannan ma ya rubuta littafi kan wani mai fataucin bayi a Ouidah ta ƙasar Benin. Mutumin da ba ya zama ya rubuta labarin waɗanda ba sa tafiya. Yana da kyau ƙwarai, amma kayan gidan sun fi mutanen rai, kamar wanda ya shiga gidan tarihi da littafin rubutu a hannu.

Uwar Biyu:
Baba Malam, kai dai duk wanda ba a binne cibiyarsa a Wales ba sai ka samo masa aibi.

Likitan Karkara:
Hajiya ta gama magana.

Ɗan Zazzau a Cardiff:
To ga wanda zai gwada ma'aunin Baba Malam. The Fortune Men na Nadifa Mohamed, 2021. A Hargeisa aka haife ta, a Landan ta tashi. Labarin gaske ne na Mahmood Mattan, Basomale ma'aikacin jirgin ruwa da ya zauna a Butetown, unguwar bakin tashar jiragen ruwa da ake kira Tiger Bay, inda Somaliyawa da 'yan Yaman da 'yan Afirka ta Yamma da 'yan Malta suka daɗe da zama tun zamanin jiragen kwal. A watan Maris 1952 aka yi wa wata mai kanti, Lily Volpert, yankan rago a shagonta. Aka kama Mattan, ba jini a kayansa da ya tabbatar da komai, 'yan'uwan matar da suka hango wani mutum a ƙofa ba su nuna shi ba. Lauyan da ke kare shi da kansa ya siffanta shi a gaban kotu da cewa rabinsa ɗan daji ne da bai gama wayewa ba. Aka rataye shi a gidan yarin Cardiff ranar 3 ga Satumba 1952. Matarsa Laura, 'yar Wales, da 'ya'yansu uku suka yi ta fafutuka. A 1996 aka tono gawarsa daga gidan yari aka mayar da ita maƙabartar Musulmi, a 1998 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, 'yan sanda kuwa sai a 2022 suka nemi afuwa.

Abin da na so a littafin, ba ta mayar da shi waliyyi ba. Yana caca, yana 'yan ɗauke-ɗauke a kanti, yana da girman kai, ya yarda cewa shari'ar Bature ba ta rataye marar laifi. A kurkuku ne ya koma ga sallah, kuma waɗannan shafukan sun fi komai nauyi. Littafin ya shiga jerin shida na ƙarshe na kyautar Booker, sannan ya ci kyautar littafin shekara na Wales a 2022. To Baba Malam, wannan na Wales ne ko ba na Wales ba?

Malamin Adabi:
Na Wales ne, ɗana, har ya fi na Llewellyn zama na Wales. Ba cibiya nake nema ba, Hajiya ta yi min sharri. Ina neman marubucin da ya biya kuɗin abin da yake faɗa. Ita wannan mahaifinta ma'aikacin jirgi ne da ya san Mattan, ta bi takardun shari'a, ta zauna da mutanen unguwar. Ba ta ari rigar kowa ba. Caradog Prichard ma ai a Landan ya yi yawancin rayuwarsa, yana aikin jarida a Daily Telegraph, amma Un Nos Ola Leuad da ya fitar a 1961, wanda aka fassara da One Moonlit Night, da karin harshen garinsu Bethesda ya rubuta shi. Yaro ne ke ba da labari cikin rashin wayo, yana faɗar duka da yunwa da kisan kai da lalata da ke faruwa a gari mai cike da majami'u kamar yana faɗar wasan ƙwallo, har ranar da ya raka uwarsa asibitin masu taɓin hankali. Uwar Prichard ta gaske a asibitin Denbigh ta ƙare rayuwarta. Wannan shi ne biyan kuɗin da nake nufi. Ban ba Bakatsiniya shawarar ta fara da shi ba, yana da duhu ƙwarai.

Ɗan Gwagwarmaya:
Tunda an ambaci Bethesda, bari in zuba ruwan sanyi a kan tausayin nan da ake ta yi. Mahaƙar dutsen Penrhyn da ke garin, inda aka yi yajin aikin shekara uku daga 1900 zuwa 1903, da kuɗin me aka bunƙasa ta? Da kuɗin gonakin rake na iyalin Pennant a Jamaika, inda bayi 'yan Afirka ke aiki. Henry Morton Stanley, wanda ya share wa Sarki Leopold na Beljiyam hanya a Kwango, a Denbigh aka haife shi. Ingila ta danne Wales, ba musu, amma da aka tashi cin duniya tare suka fita. Kuma a Nuwamba 1949, lokacin da ma'aikatan kwal na Wales suka samu asibiti kyauta, 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe mahaƙa 21 a Iva Valley ta Enugu saboda sun nemi haƙƙinsu. Wane marubucin Wales ne ya yi musu kuka?

'Yar Damagaram:
Yaya, gaskiya ka faɗa, amma Jane Gruffydd ba ta da gonar rake. Ubangidan da ya ci gumin bayi shi ne ya ci gumin irin su mijinta. Ba sai na zaɓi wanda zan tausaya wa ba.

Ɗan Gwagwarmaya:
Ban ce ki zaɓa ba, ƙanwata. Cewa na yi a karanta da ido biyu.

Mai Shagon Littafi:
Ni tambayar ɗan kasuwa gare ni. Mutum nawa ne ke jin wannan Welshancin da har ake buga littafi da shi a ci riba?

Ɗan Zazzau a Cardiff:
Alhaji, ƙidayar 2021 ta nuna mutum 538,300, wato kashi 17.8 cikin ɗari na mutanen Wales masu shekara uku zuwa sama. A 1901 kusan rabin ƙasar ne ke yi. Gwamnatinsu ta sa burin kai masu jin harshen miliyan ɗaya kafin 2050. Riba kam ba ta da yawa, shi ya sa akwai hukumar littattafai a Aberystwyth da ke tallafa wa masu bugawa. Amma abin da zai burge ka shi ne bikin Eisteddfod na ƙasa da ake yi duk shekara a farkon Agusta, bana arewa, baɗi kudu, komai da Welshanci. Marubuta na shiga gasa da sunan ɓoye. Wanda ya ci lambar zube, an riga an buga littafinsa a asirce, ana gama sanar da sunansa a dandali sai mutane su fita su yi layi a rumfunan littafi. Haka Manon Steffan Ros ta ci a 2018 da Llyfr Glas Nebo, labarin uwa da ɗanta da suka tsira bayan duniya ta rushe, ba wuta, ba waya, suna rubutu a littafi guda kowa ba ya karanta na ɗan'uwansa. Ita ta fassara shi da kanta, The Blue Book of Nebo, kuma a 2023 ya ci lambar Carnegie ta littattafan yara da matasa a Birtaniya, karo na farko da fassararren littafi ya ci. Gajere ne, zama ɗaya ake gama shi.

Mai Shagon Littafi:
Mutum dubu ɗari biyar da ɗoriya! Ai ƙaramar hukuma guda a Kano ta fi su. Kuma a ce suna layin sayen littafi. Mu da muke miliyoyi, marubuciya ta gama littafi sai ta saka shi a WhatsApp ana biyan ta da katin waya, washegari wani ya kwafe ya raba kyauta. Gasar 1933 da ta ba mu Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki, da an riƙe ta duk shekara da masu bugawa a bayanta, da yanzu wani zancen ake. Ni wannan dabarar ta buga littafi kafin a sanar da gwani ita ce na ɗauka a duk hirar nan.

Bakatsiniya:
Na karanta duk abin da kuka rubuta, na gode ƙwarai. Amma Baba Malam, har yanzu ban sauka daga kan bakana ba. Ba don Llewellyn ba da ban taɓa jin sunan Kate Roberts ba, don da ban yi tambayar ba balle ka ba ni amsa. Maƙaryacin ne ya buɗe min ƙofa.

Malamin Adabi:
Ya buɗe miki ƙofa, sannan ya tsaya a bakinta shekara tamanin da ɗoriya ya tare hanya. Je ki kowane shagon tsofaffin littattafai, za ki samu nasa. Nemi nata ki gani.

Shugabar Zaure:
To, jama'a, dare ya yi. Littafin wata mai zuwa za a zaɓa tsakanin Feet in Chains da The Fortune Men, kowa ya rubuta zaɓinsa kafin Juma'a bayan sallah. Ɗan Zazzau, idan kana da mai zuwa gida cikin watan nan ka sanar da ni ta akwatin sirri, sai mu haɗa kuɗi a taho mana da kwafi ko da biyar ne, a ajiye a shagon Alhaji a dinga karɓa bi da bi. Kuma don Allah kada wanda ya sake faɗar ƙarshen labari, Likita da Baba Malam da ku nake.

Likitan Karkara:
Ranki ya daɗe, ni ban faɗi abin da ya sami matar Manson ba ai. The Fortune Men nake zaɓa.

Uwar Biyu:
Ga shi yanzu ka faɗa mana wani abu ya same ta. Feet in Chains. Kuma Alhaji, wannan karon a rubuta sunan duk wanda ya karɓa, na wancan watan har yau bai zagayo kaina ba.